Yadda Ake Kiyaye Shaidar Tsaron Na'urorin Sadarwa Bayan Sabunta Manhaja ko Sauya Sassa

Duk wanda ke kula da na'urorin sadarwa a wani banki, ko asibiti, ko makaranta, ko ma'aikatar gwamnati a Gusau ya san cewa takardar kwangilar sayen kaya takan zo da sharaɗin cewa rauta (na'urar da ke rarraba intanet) ko katangar tsaro (na'urar da ke tare masu kutse) da za a kawo ta kasance tana da shaidar tsaro daga hukumar da aka yarda da ita. Ɗan kwangila ya kawo kaya da takardarsu, a duba, a sa hannu, a adana takardar a fayil, daga nan kuma sai kowa ya ɗauka cewa magana ta ƙare. Gaskiyar lamarin ita ce ba sunan kamfani ake ba shaidar ba, ba kuma sunan samfurin da ke rubuce a jikin kwali ba. Ana ba da ita ne ga haɗuwar abubuwa uku: takamaiman sassan na'urar, da takamaimiyar sigar manhajar cikinta, da kuma tsarin saitin da aka gwada ta a kansa. Lamarin ya yi kama da lambar NAFDAC a jikin magani, wadda aka ba wani haɗi na musamman, ta yadda idan aka sauya abin da ke cikin kwalbar, lambar ba ta ƙara faɗar komai a kansa. Ranar da aka ɗora sabuwar manhaja ko aka sauya wani sashe, tilas ne a sake tabbatar da cewa na'urar da ke aiki ita ce dai wadda takardar ke magana a kanta.

Sanin irin shaidar da ke hannunka

Matakin farko shi ne a rarrabe takardun, domin ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma sauyi ba ya shafarsu ta hanya ɗaya. Akwai shaidar Common Criteria, wadda ke kan ma'aunin duniya mai lamba ISO/IEC 15408, kuma hukumomi irin su NIAP a Amurka, da BSI a Jamus, da ANSSI a Faransa ne ke bayar da ita bayan wani ɗakin gwaji mai lasisi ya binciki na'urar. Akwai shaidar FIPS 140, wadda ta taƙaita ga sashen da ke kulle bayanai da sarrafa makullan sirri, kuma hukumar NIST ta Amurka ce ke tafiyar da shirinta tare da cibiyar tsaron intanet ta Kanada. Na'urorin POS kuwa suna da tasu amincewar daga majalisar PCI, wadda kamfanonin katin kuɗi biyar, wato Visa da Mastercard da American Express da Discover da JCB, suka kafa a 2006.

A gida Najeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana tantance samfurin kayan sadarwa kafin a shigo da su ko a sayar, bisa ikon da dokar sadarwa ta 2003 ta ba ta. Wannan tantancewar ta fi karkata ga dacewar na'ura da ƙa'idojin sadarwa da lafiyar masu amfani da ita, don haka bai kamata a miƙa ta a madadin shaidar tsaro ba. Haka nan takardar ISO/IEC 27001 da wasu bankuna da kamfanoni ke riƙe da ita ta tsarin gudanar da tsaron ma'aikata ce baki ɗaya, ba ta wata na'ura ba, sai dai masu bincikenta sukan nemi ganin yadda ake sarrafa sauye-sauye da yadda ake toshe ɓaraka, wato raunin da masu kutse ke bi su shiga, kuma a nan ne rikodin da za a yi bayani a kai yake amfani.

Idan ka gane irin takardar, sai ka nemo cikakken bayaninta daga shafin hukumar da ta bayar, ba daga takardar tallan kamfani ba. Kowace shaidar Common Criteria tana tafe da kundin da ke fayyace iyakar abin da aka gwada, da rahoton gwajin, da kuma littafin jagora da ke nuna yadda za a saita na'urar. Kowace shaidar FIPS ma tana da kundin manufofin tsaro da ke lissafa lambobin sassa da sigogin manhaja ɗaya bayan ɗaya. A karanta waɗannan da natsuwa, domin sau da yawa za a tarar cewa wasu ayyukan da na'urar ke iya yi ba sa cikin abin da aka gwada, kuma kunna su kaɗai ya isa ya fitar da ita daga ƙarƙashin shaidar ko da ba a taɓa manhajarta ba.

Rikodin asali

Kafin a taɓa komai, a rubuta halin da kowace na'ura take ciki. A juya ta a duba sitikar da ke ƙasanta ko bayanta, inda za a ga sunan samfuri, da lambar siriyal, da kuma wata ƙaramar lamba da mutane ba su cika lura da ita ba, wadda ke nuna zubin sassan, kamar V1 ko V2. Na'urori biyu masu suna ɗaya da kwali iri ɗaya suna iya ɗauke da ƙwaƙwalwa daban a ciki, kuma hakan ya yawaita a shekarun ƙarancin ƙananan sassan lantarki da ya biyo bayan 2020, lokacin da masana'antu suka riƙa musanya sashe da wanda suka samu. Daga nan a shiga cikin na'urar a kwafo cikakkiyar lambar sigar manhajarta har zuwa harafin ƙarshe, domin bambancin lamba ɗaya a ƙarshen jeri yana iya zama bambanci tsakanin sigar da aka gwada da wadda ba a gwada ba. A haɗa da lambar shaidar, da ranar da za ta ƙare, da kwafin saitin na'urar, da hoton hatimin da ke kan sukurorinta idan tana da shi. A ajiye kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a takarda cikin kabad mai makulli.

Auna sauyin kafin a yi shi

Wannan shi ne wurin da ya fi buƙatar tunani. Mai saye ba shi da ikon faɗaɗa shaidar ta rufe sabuwar siga, aikin kamfanin da ya ƙera na'urar ne. A tsarin Common Criteria, idan kamfani ya yi sauyi, yakan rubuta rahoton nazarin tasirin sauyin ya miƙa wa hukumar da ta ba da shaidar tun farko. Idan hukumar ta ga sauyin ƙarami ne, wato bai taɓa ginshiƙan tsaron da aka gwada ba, sai ta fitar da rahoton ci gaba da shaida, a lissafa sabuwar sigar a matsayin ƙari a kan tsohuwar takarda. Idan kuwa ta ga babba ne, kamar sauya hanyar kulle bayanai ko sauya tsarin tantance masu shiga, to sai an koma ɗakin gwaji an sake bincike, wanda yakan ɗauki watanni. Ya kamata mai kula da na'urori ya fahimci cewa rahoton ci gaba da shaida ba ya nufin an sake gwada na'urar da sababbin dabarun masu kutse, yana nufin kawai sauyin bai rage amincin da aka tabbatar a ranar gwajin farko ba.

Ƙa'idar FIPS ta fi tsauri a wannan fanni, domin kundin manufofin tsaro yakan faɗa ƙarara cewa duk manhajar da aka ɗora wadda ba ta cikin jerin da ke kan takardar, ta fita daga abin da aka tabbatar. Akwai ruɗani guda da ya kamata a kawar a nan. Na'urar kirki takan duba sa hannun lantarki na kamfani kafin ta karɓi sabuwar manhaja, kuma idan ta karɓa, hakan yana nuna cewa fayil ɗin daga kamfanin ya fito, ba a gurɓata shi a hanya ba. Amma karɓar ba hujja ba ce cewa wata hukuma ta gwada wannan sigar. Ingancin tushe daban, shaidar gwaji daban, kuma mai bincike zai tambayi kowannensu.

Saboda haka, kafin ranar sabuntawa, a buɗe shafin hukumar a nemo lambar shaidar, a duba ko sigar da ake son ɗorawa tana cikin jerin. Idan tana ciki, a buga shafin a sa kwanan wata a haɗa da rikodin. Idan ba ta ciki, a rubuta wa kamfanin ko wakilinsa a nemi amsa a rubuce kan ko an miƙa sigar domin tantancewa da kuma lokacin da ake sa ran kammalawa. Hukumar NIST tana wallafa jerin kayan da ke kan layin tantancewa, don haka ana iya gaskata maganar kamfani ko a ƙaryata ta. Kalmar baki daga ɗan kwangila cewa "ai duk ɗaya ne, Yallaɓai" ba ta da wani nauyi ranar da masu bincike suka zo.

A kuma lura da wa'adi, domin shaida tana tsufa ko da ba a taɓa na'urar ba. Takardun Common Criteria sukan yi shekara 5, amma NIAP takan ba da shekara 2 ne kafin a sake dubawa. Ma'aunin FIPS 140-2, wanda ya fito a 2001, ya samu magaji a 2019 da aka amince da FIPS 140-3, kuma an tsayar da 21 ga Satumba, 2026 a matsayin ranar ƙarshe ga takardun tsohon ma'aunin, bayanta su koma jerin tarihi. Hanyoyin kulle bayanai ma ana yi musu ritaya: NIST ta daina amincewa da Triple DES wajen sabon kulle bayanai bayan 2023, ta kuma sanar da cewa za a daina amfani da SHA-1, wata tsohuwar hanyar tantance bayanai, kafin ƙarshen 2030.

Idan gyara ya riga shaida fitowa

Ga tsaka mai wuyar da kowane mai wannan aiki zai shiga wata rana. An gano ɓaraka mai tsanani, kamfani ya fitar da gyara a yau, amma takardar da za ta rufe gyaran ba za ta fito ba sai bayan watanni. A watan Oktoba na 2023, ɓarakar da aka yi wa lamba CVE-2023-20198 a shafin sarrafa manhajar Cisco IOS XE ta ba masu kutse damar mamaye dubban na'urori cikin kwanaki kaɗan. A 2018 an yi irin haka da rautocin MikroTik ta hanyar Winbox, manhajar da ake sarrafa su da ita, kuma waɗannan rautoci ne da ƙananan masu rarraba intanet ke amfani da su sosai a garuruwanmu. A 2017 kuma an gano rauni a yadda wasu ƙananan sassan kamfanin Infineon ke ƙirƙirar makullan sirri nau'in RSA, alhali sassan suna ɗauke da manyan shaidun tsaro, har lamarin ya shafi katin shaidar ɗan ƙasa na Estoniya.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: idan ɓarakar mai tsanani ce kuma an tabbatar ana amfani da ita wajen kai hari, a ɗora gyaran, kada a jira takarda. Wanda ya bar ƙofa a buɗe domin lambar sigarsa ta dace da abin da ke rubuce ya kare fayil ne, ya bar bayanan majinyata ko kuɗin masu ajiya a fili. Ma'aunin PCI DSS, wato ƙa'idar majalisar PCI ta kare bayanan katin kuɗi, da kansa ya wajabta ɗora gyaran ɓaraka mai tsanani cikin wata guda da fitowarsa, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanai alhakin sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa cikin sa'o'i 72 idan an yi kutsen da ka iya cutar da mutane. Hukumar CISA ta Amurka tana da jerin ɓarakokin da aka tabbatar ana kai hari da su, wanda ta fara wallafawa a Nuwamba 2021, kuma ngCERT, cibiyar kai ɗauki kan kutsen intanet ta Najeriya da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro tana fitar da nata gargaɗin. Waɗannan su ne ma'aunin da za a duba a yanke hukunci.

Sai dai a yi hakan a rubuce. A shirya takardar kauce wa ƙa'ida mai ɗauke da lambar ɓarakar, da sigar da aka bari, da wadda aka koma, da dalilin gaggawa, da amsar kamfani kan batun tantancewa, da ranar da za a sake duba lamarin, sannan shugaban da ke da ikon ɗaukar wannan kasada ya sa hannu. Idan kwangila ko mai sa ido ya wajabta sigar da ke da shaida, a sanar da shi tun kafin ya gano da kansa. Idan kuwa ɓarakar ba ta kai wannan tsanani ba, ana iya tsayawa a kan sigar da ke da shaida a rage haɗarin ta wasu hanyoyi, kamar kashe aikin da raunin yake ciki, ko hana shiga shafin sarrafa na'urar daga intanet.

Ranar sabuntawa

A sauke fayil ɗin daga shafin kamfanin kawai, a kuma lissafa lambar SHA-256 tasa, wato lambar tantancewa da ake fitarwa daga abin da ke cikin fayil, a gwada da wadda kamfanin ya wallafa, harafi da harafi. Fayil ɗin da aka turo ta WhatsApp ko aka kwafo daga filashin wani abokin aiki bai cancanci shiga na'urar da ake son kare shaidarta ba sai an yi masa wannan gwajin. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar na tsawon makonni saboda matsalar tsaro, don haka hikima ce a riƙa ajiye kwafin sigar da ke da shaida, tare da lambar tantancewarta da littafin jagorarta, a wurin da za a same su ko babu intanet.

Wutar lantarki ita ce abu na gaba. Na'urar da wuta ta ɗauke mata tana tsakiyar rubuta manhaja tana iya mutuwa gaba ɗaya, saboda haka a tabbatar batirin inbata ko UPS ya cika, kada kuma a zaɓi lokacin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta. A fara da na'ura ɗaya a hedikwata, inda injiniya zai zauna kusa da ita da kebul ɗin sarrafawa a jone da kwamfutarsa, yana kallon rubutun da ke gudana a allo har ta sake tashi ta kammala gwajin kanta. Sai an ga ta yi kwanaki tana aiki lafiya za a taɓa na rassa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga ma'aikatar da ke da ofisoshi a Ƙaura Namoda, ko Talata Mafara, ko Anka, ko Shinkafi, domin na'urar da ta ƙi tashi bayan an sabunta ta daga nesa tana nufin tura ma'aikaci kan hanyar da ba kullum take da aminci ba. A tanadi wanda zai iya kashewa da kunnawa a can, a kuma bar tsohuwar sigar a ma'ajiyar na'urar idan tana da gurbin hakan.

Bayan ta tashi, aikin bai ƙare ba. A ɗauko littafin jagora a bi saitin layi bayan layi, domin sabuwar manhaja takan zo da sababbin ayyuka a kunne, wani lokaci kuma takan mayar da wasu saituna yadda suke daga masana'anta. A tabbatar yanayin aiki na FIPS, wato saitin da ke taƙaita na'urar ga hanyoyin kulle bayanan da aka amince da su, yana kunne, tare da sanin cewa a wasu na'urori kunna shi yana goge saiti da makullai gaba ɗaya. A duba cewa Telnet da tsofaffin hanyoyin shiga marasa kulle suna kashe, agogon na'urar daidai yake, kuma rahoton abubuwan da ke faruwa yana isa kwamfutar da ke tattara shi. Daga ƙarshe a gwada sabon saitin da kwafin da aka ajiye, a rubuta duk bambancin da aka gani da dalilinsa.

Sauya sassa

Zafin watannin Maris zuwa Mayu, da ƙurar hunturu, da tsawar damina suna kashe fanka da sashen wuta da allon na'ura fiye da yadda masana'anta suka yi hasashe, don haka sauya sassa ba abin da za a guje masa ba ne a nan. Abin dubawa shi ne ko sashen yana cikin iyakar abin da aka gwada. Idan kundin shaidar ya lissafa lambar sashen, to sai an samo mai wannan lambar daidai, ta hannun wakilin da kamfanin ya amince da shi. Sashen da aka ciro daga tsohuwar na'ura a kasuwa yana iya aiki sarai, amma babu wanda zai iya rantsewa a kan asalinsa ko abin da ke cikinsa.

Na'urorin da ke da shaidar FIPS daga matakin tsaro na 2 zuwa sama suna buƙatar alamar da za ta nuna an buɗe su, galibi ƴar sitika mai lamba da ake mannawa a kan mahaɗar murfi, wadda ke barin tabo idan aka ɓare ta. Mai gyara da ya buɗe murfin domin ya hure ƙura da kyakkyawar niyya ya karya wannan sharaɗin. Idan buɗewar ta zama dole, a yi ta a gaban jami'in tsaron bayanai, a rubuta lambar tsohuwar sitikar, a goge wurin, a manna sabuwa daga kamfanin a daidai inda kundin ya nuna, a ɗauki hoto. Idan kamfani ya musanya na'urar gaba ɗaya a ƙarƙashin garanti, a ɗauke ta a matsayin sabuwa, a duba zubinta da sigar manhajar da ta zo da ita, domin ba lallai ne su dace da na wadda ta lalace ba. Ita kuma tsohuwar, kada ta bar ofis sai an goge makullan sirri da kalmomin shiga da ke cikinta ta hanyar da littafin jagora ya tsara, kuma idan ta mutu ta yadda gogewar ba za ta yiwu ba, a sauya duk makullan da ta taɓa riƙewa a sauran na'urori.

Yawancin wannan wahalar ana iya rage ta tun a takardar kwangila. A rubuta cewa mai kawo kaya zai bayyana lambar shaida, da zubin sassa, da sigar manhaja na kowace na'ura, zai sanar a rubuce idan ɗaya daga cikinsu ya sauya, zai kuma faɗi ranar da kamfani zai daina fitar da gyara ga samfurin. A sa wannan ranar da ranar ƙarewar shaidar a kalandar sashen, a kuma shigar da kuɗin musanya cikin kasafin shekarar da ta gabace su, domin sayen kaya a ma'aikatun gwamnati yakan ɗauki lokacin da ya fi na sabunta manhaja nesa ba kusa ba.